San Diyego gari ne ko jiha? Wanda ya san yankunanta ya taimaka kafin in biya kuɗin haya

Abban_Hanifa (Samaru) ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an yi sallar la'asar lafiya. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa zama Amurka ko suka san taswira sosai. Alhamdulillah na samu gurbin karatun digiri na uku a jami'ar Kalifoniya reshen San Diyego, ana fara karatu wajen ƙarshen Satumba, ni zan fara yin gaba sannan in komai ya daidaita maman Hanifa da yarinyar su biyo ni. Toh matsalar masauki ce ta hana ni barci. Adireshin makarantar an rubuta La Jolla, ni kuma a takarda San Diyego aka ce min, na shiga intanet neman ɗaki sai naga kowa da abin da yake rubutawa, wani North County, wani East County, wani South Bay, wani kuma kawai San Diego County ya rubuta ya yi shiru. Wallahi kaina ya ɗaure. Shin San Diyegon gari ɗaya ne kamar Zariya ko kuwa ƙasa ce guda da garuruwa a cikinta? Kuma meye shi wannan kawunti ɗin, ƙaramar hukuma ce irin Sabon Gari da Giwa?

Abin da yasa nake gaggawa, na samu wani gida a wani wuri Ramona, ciki da falo har da ɗan fili a baya, kuɗinsa bai fi rabin abin da ake nema a kusa da makaranta ba, kuma mai gidan yace ai duk San Diyego ne, in tura kafin alƙalami kafin ƙarshen sati in ba haka ba zai ba wani. A taswirar waya na auna da yatsa naga ai ba wani nisa bane, kamar daga Samaru zuwa Kwangila nake ganinsa, amma dai zuciyata bata kwanta ba. Bani da mota kuma bana tunanin zan saya a shekarar farko. Ina son inda akwai masallaci da naman halal kusa saboda iyali. Wanda ya sani ya fayyace min dan Allah, Allah ya saka da alheri.

Malam_Taswira (Tudun Wada):

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a je a sa'a a dawo a sa'a. Ni ban taɓa taka Amurka ba amma shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, bari in warware maka batun sunan, sauran na zaman gari waɗanda suka je su ƙarasa.

Sunan San Diyego abu biyu yake nufi, kuma kai da ka zauna a Samaru bai kamata wannan ya baka wahala ba. In kana Legas aka tambaye ka daga ina, Zariya zaka ce, alhali Samaru a ƙaramar hukumar Sabon Gari take, asibitin koyarwa na Shika da kowa ke cewa asibitin Zariya a ƙasar Giwa yake, mutumin cikin Birni kuwa a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan shi a ganinsa shi kaɗai ne a Zariya, mu duk baƙi ne. Toh haka nan. Akwai birnin San Diyego mai magajin garinsa, a ƙidayar 2020 mutum kusan miliyan 1.4 ne a ciki. Sannan akwai kawuntin San Diyego, shi kuma mutum kusan miliyan 3.3, birnin yana cikinsa ne tare da wasu birane, gaba ɗaya birane 18 kowanne da majalisarsa da magajin garinsa. La Jolla ba ta cikin 18 ɗin nan, unguwa ce a cikin birnin San Diyego duk da ana rubuta sunanta a ambulan kamar gari mai cin gashin kansa, saboda haka takardarka bata yi ƙarya ba.

Masu fassarar labarai a rediyo gunduma suke ce ma kawunti, ni dai kalmar bata gamsar da ni ba, don a wajenmu gunduma ƙasar hakimi ce, ɗan yanki a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Wannan kuwa faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 11,700, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar Kaduna kakaf, ko ka ce ya ɗara rabin jihar Kano. In zan kwatanta maka gara in ce kamar ƙasar Zazzau da garuruwanta, sai dai maimakon sarki wasu zaɓaɓɓun mutum 5 ne ke riƙe da shi, yana ƙarƙashin jihar Kalifoniya tun 1850. Duk inda ba ya cikin biranen nan 18, kawunti ne ke kula da shi kai tsaye, 'yan sandansu ma daban ne, na wani zaɓaɓɓen jami'i da suke kira sharif. Ramonar taka tana cikin irin waɗannan wuraren. Kaga mai gidan bai yi maka ƙarya ba da yace San Diyego ne, amma irin gaskiyar mutumin Makarfi ce da zai ce maka gidansa a Zazzau yake.

Yanzu ɗauki taswirar ka karanta ta daga yamma zuwa gabas, nan ne sirrin yake. Da farko bakin tekun Fasifik, tsawonsa kusan kilomita 110 daga iyakar Meziko a kudu har zuwa iyakar kawuntin Orange a arewa. Bayansa tudu ne shimfiɗaɗɗe da kwazazzabai suka tsattsaga, sai kwaruruka na cikin ƙasa inda Escondido da El Cajon suke. Daga nan sai hawa, duwatsu, garin Julian tsayinsa daga teku ya kusa mita 1,300, kusan daidai da Jos kenan, mu nan Zariya ba mu kai 700 ba, ƙololuwar duwatsun kuma ta kusa mita 2,000 har ƙanƙara na sauka a kai lokacin sanyi. Kana gangarawa ta bayan duwatsun sai hamada, Anza-Borrego, gandun daji mafi girma cikin waɗanda gwamnatin jihar Kalifoniya ke riƙe da su. Dalili kuwa iskar da ta ɗauko laima daga teku tana zubar da ruwanta ne a fuskar duwatsun ta yamma, kafin ta tsallaka ta bushe. Duk wannan a kawunti ɗaya. Su North County, East County da South Bay da suka rikita ka ba hukumomi bane, sunaye ne na bakin mutane kamar yadda muke cewa hayin Dogo ko bayan jirgi, shi yasa ba zaka ga layin iyakarsu a taswira ba, kuma ko su kansu sukan yi gardamar inda wani ya ƙare wani ya fara.

Kar ka ƙara auna taswira da yatsa dan Allah, ɗalibaina ma na hana su.

Sarkin_Zolaya:

Ni fa na leƙa taswirar nan saboda ku, abin da na gani ya bani tsoro, La Mesa, Mira Mesa, Kearny Mesa, Serra Mesa, Otay Mesa. Abban Hanifa garin nan mesa ta yi masa yawa, ka biya ta kasuwar Sabon Gari ka sayi maganin maciji kafin ka tafi 😂

Dakta_Hanwa:

Sarkin zolaya Allah ya shirye ka, mesa da yaren Sifaniyanci tebur ake nufi, wato tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, kuma wallahi ba da wasa ba ka taɓo abin da ya fi komai muhimmanci ga mara mota, zan dawo kai.

Abban Hanifa barka da arziki. Ni a wannan makarantar na yi nawa, shekara biyar da 'yan watanni, na dawo gida 2022. Abu na farko kafin komai, KAR ka tura ma kowa ko sisi. Ni an ci ni da irin wannan, tun ina nan Zariya wani ya turo min hotunan ɗaki tsaf tsaf har da labule, yace shi yana tafiya ne zai aiko min makulli, na tura kafin alƙalami daga kuɗin da na sayar da mashin ɗina, ranar da na sauka na ja akwati har ƙofar gidan wata tsohuwa ta buɗe tace ita shekara ashirin tana ciki bata taɓa sa shi haya ba. A falon wani ɗan Sudan na kwana sati uku. Duk wanda yace maka kafin ƙarshen sati ko in ba wani, ka bar shi ya ba wanin.

Ko da gidan Ramona na gaske ne ba naka bane. Daga can zuwa makaranta ya haura kilomita 50, hanyar kuma hawa da gangara ce tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, gari ne na masu dawakai da gonakin inabi, kowa da motarsa ƙirar a kori kura, bas ɗin da ke zuwa kaɗan ne ƙwarai, ba wai kamar ka tsaya bakin Main Gate ka ɗaga hannu ɗan keke ya tsaya bane. Sannan yankin gobarar daji ne. A Oktoban 2003 wutar da suke kira Cedar a dajin kusa da Ramona ta tashi, wani mafarauci da ya ɓace ne ya kunna don a gan shi, ta ci sama da murabba'in kilomita 1,000, mutum 15 suka mutu, har cikin unguwannin birni ta shiga. A 2007 wata ta sake tashi aka kwashe mutanen garin gaba ɗaya. Abin da ke hura ta wata iska ce Santa Ana da ke tasowa daga hamada wajen Oktoba zuwa gaba, ranar da na fara jinta sai da na tuna hunturun gida, leɓe ya tsage hanci ya bushe fata ta yi furu furu, bambancin ita da zafi take zuwa kuma ba ƙura sosai. Wanda ba shi da mota in aka ce a fice cikin dare ya zai yi da mace da yarinya?

Toh bari in zagaya da kai yadda mazauna ke raba wurin. Sunayen Sifaniyanci da J a ciki da H ake faɗinsu, La Hoya, El Kahon, kar ka je kana cewa La Jolla kamar jollof direban bas ya tsaya kallonka, ni na sha wannan kunyar.

Tsakiya shi ne birnin kansa. Filin jirgin sama a cikin gari yake dab da bakin ruwa, titin saukarsa ɗaya tal, in jirgi zai sauka sai kaga kamar zai goge rufin benaye. Makarantarku tana arewa da tsakiyar gari kamar kilomita 20, a saman tudu kusa da teku, La Jolla kuwa unguwar masu hannu da shuni ce, ka cire ta a lissafi sai dai gidajen makaranta. Su ne ma shawarata ta farko, akwai gidajen ɗaliban gaba da digiri da masu iyali a gabashin harabar, sun fi na waje sauƙi nesa ba kusa ba amma layi ne, ka cike fom yau ɗin nan kar ka jira biza. In ba a samu ba sai University City, Clairemont, Linda Vista ko Mira Mesa. Ni a Clairemont na fi daɗewa saboda babban masallacin garin, Islamic Center of San Diego, a nan yake, ranar Juma'a zaka ga Larabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa da mu 'yan tsiraru baƙaƙen Afirka ta yamma, da azumi kuma akwai buɗe baki. Mira Mesa da University City kuma ka shirya jin ƙarar jiragen yaƙi daga sansanin Miramar, mu da muka saba da 'yan ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi na Palladan wannan wani abu ne daban, har tagogi ke rawa.

Ga maganar mesa. Unguwannin nan kowacce a kan tudunta take, tsakaninsu kwazazzabo mai zurfi cike da ƙaya da sagagi. Sai ka tsaya a bayan gidanka kana hango gidan abokinka a ɗaya tudun, kamar ka kira shi ya ji, amma zuwa wajensa sai ka zagaya kilomita huɗu ko biyar. Na taɓa sayen keke na hannu da murna wai na huta da jiran bas, ranar farko na gangara titin Genesee iska na kaɗa ni ina jin daɗi, dawowa kuwa tura shi nayi tun daga ƙasan kwari har sama ina haki kamar wanda ya hau Kufena da azumi. Saboda haka abin da zaka duba ba nisa bane, layin jirgi zaka duba. Suna da jirgin ƙasa na cikin gari ja, toroli suke ce masa, layin shuɗi an tsawaita shi a Nuwamban 2021 ya shigo har cikin makarantar, daga nan ya bi ta Old Town da tsakiyar gari ya gangara har bakin iyakar Meziko. Kafin a buɗe shi mun sha wuya, ku kun zo a sa'a. Katin ɗalibi ma yana shigar da kai bas da torolin don an riga an cire a kuɗin makaranta. Duk gidan da zaka iya takawa zuwa tashar layin shuɗi da ƙafa, wannan gidan a kusa yake ko da a taswira ya yi nisa.

North County kuma kashi biyu ne. Na bakin teku, Del Mar, Solana Beach, Encinitas, Carlsbad har Oceanside, wurare masu kyau da tsada, akwai jirgin Coaster da ke bin gaɓar teku zuwa cikin gari. Bayan Oceanside sai sansanin sojan ruwa na Camp Pendleton, ƙaton fili ne da ya raba su da yankin Los Anjalis, in ba don shi ba da tuni gine gine sun haɗe. Na cikin ƙasa kuma Vista, San Marcos, Escondido, da Fallbrook mai gonakin fiya. Can da ɗan sauƙi amma Oceanside zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 60 ne, ka ɗauka kana zaune a Jaji kana zuwa aiki Samaru kullum. Ba na ɗalibi mara mota bane, na wuce wurin.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya min, sanyi. Na ji Kalifoniya na ɗauka rana ce kullum, na cika akwati da 'yan shara. Ruwan tekun nan daga arewa yake gangarowa, sanyi gare shi ko a tsakiyar bazararsu, toh wajen Mayu da Yuni wani hazo yake kwantowa a bakin teku tun asuba, wani lokacin har la'asar ba zaka ga rana ba, kana fitowa daga laburare da rigar sanyi ka kira aboki a El Cajon yace shi fanka yake sha. Ruwan sama kuma a lokacin sanyi yake sauka, Disamba zuwa Maris, akasin namu, kuma duk shekara bai fi milimita 250 ba, mu nan muna samun wajen 1,000. Yawancin ruwan famfonsu daga nesa ake jawo shi har da kogin Kolorado, a Carlsbad ma akwai matatar da ke cire gishiri daga ruwan teku tun 2015. Shi yasa kuɗin ruwa ba wasa bane, ka tambayi mai gida ko yana cikin haya.

Maman_Ilham:

Salamu alaikum. Dakta ka yi bayani Allah ya biya ka, amma kayi haƙuri maganar maza kayi, ka lissafa hanyar makaranta ka manta da wadda za a bari a gida. Ni shekara uku na yi a can da maigidana lokacin yana karatu a ɗaya jami'ar, San Diego State, shekarar farko a wata unguwa muka zauna shiru kamar maƙabarta, in ya fita da safe ba mai ce min ci kanki har dare, ba sallama ba a ara min gishiri, har ciwo na kwanta don kaɗaici. Da muka koma City Heights ne na dawo mutum. Unguwa ce ta baƙi 'yan ƙasashen waje a gabashin tsakiyar gari, Somaliyawa sun yi yawa sosai, ga 'yan Habasha ga 'yan Biyetnam ga 'yan Meziko, masallatai ƙanana ana zuwa da ƙafa, mata da manyan hijabai suna tura keken yara a titi ba mai kallonka, shagon nama zaka ce a yanko maka akuya da ƙashi a yanko, akwai inda nake samun garin masara fari ina tuƙa tuwo, kuɓewa ɗanya ma ana samu, kuka da daddawa ne dai sai an ƙullo daga gida. Ba unguwar 'yan gayu bace, wasu layukan ba a son yawon dare, amma akwai mutane.

El Cajon ma kar a raina ta. Eh akwai zafi, sunan ma akwati yake nufi don duwatsu sun kewaye garin iskar teku bata shiga sosai, amma dan Allah wane zafi za a gaya ma wanda ya yi watan Afrilu a Zariya ba wuta? Babban titinsu rubutun Larabci ne a shaguna ko ta ina, gurasa mai zafi daga tanda, shinkafa buhu buhu, dabino, kayan ƙamshi, kuma da araha. Sai dai ka sani da yawa daga cikin 'yan Iraƙin nan Kaldiyawa ne, Kiristoci ne, kar ka ga Larabci ka ɗauka komai halal ne, ka tambaya, za su gaya maka gaskiya ba sa ɓoyewa. Akwai musulmi 'yan Siriya da Afganistan su ma da yawa. Mu duk ƙarshen wata muke shiga torolin kore daga tashar makarantarsu mu yo cefane.

Ni dai shawarata ƙanina, in maman Hanifa zata zo ka sa ta a lissafi tun yanzu.

Dakta_Hanwa:

Hajiya na karɓi gyara, gaskiya kika faɗa, ni gwauro na zauna shi yasa. Amma ki lura maigidanki a State yake, ita tana gabas ne a kan layin kore, City Heights da La Mesa da El Cajon duk a hannunta suke. Shi wannan makarantarsa na can arewa maso yamma. Daga El Cajon sai ya hau kore har Old Town ya sauka ya jira shuɗi, sama da awa ɗaya zuwa kawai, in da mota ne kuma titi mai lamba 52 da safe gosulo ne don kowa yamma ya nufa. City Heights da dama dama. Ni da zan sake, gidan makaranta na masu iyali zan nema don can ma akwai matan ɗalibai da yara suna haɗuwa a filin wasa, sai a riƙa zuwa cefane wajenku ranar Asabar.

Abban_Hanifa (Samaru):

Kai jama'a na gode ƙwarai, Malam, Dakta, Hajiya Allah ya bar zumunci. Mutumin Ramona na ce masa a haɗa ni da wani ya je ya ga gidan da ido, tun jiya bai sake amsawa ba, kun ga Allah ya tsare. Fom ɗin gidan makaranta na cike shi ɗazu a shagon intanet na Ɗanraka. Saura tambaya ɗaya Dakta, baka taɓo South Bay ba, naga kamar can ya fi sauƙi kuma kace layin shuɗi yana bi ta nan. Har wani a Facebook yake cewa wasu a Meziko suke kwana su shigo aiki da safe, wai haya can kamar kyauta. Wannan fa?

Dakta_Hanwa:

Na manta ne wallahi, hannu ya gaji. South Bay shi ne kudancin tsakiyar gari har iyaka, National City, Chula Vista, Imperial Beach, sai San Ysidro a bakin iyaka. Chula Vista ita ce birni na biyu a girma a kawuntin, mutum wajen 275,000, yammacinta tsohon gari ne kusa da layin jirgi gabashinta kuma sabbin unguwanni. Abin dariya San Ysidro a hukumance cikin birnin San Diyego take duk da wasu birane sun shiga tsakani, wani siririn layi ta cikin ruwa ne ya haɗa su a takarda, Malam Taswira zai so wannan. Yankin Sifaniyanci ya fi Turanci yawa a wasu titunan, 'yan Filifin ma da yawa a National City. Haya da sauƙi kam, kuma daga yammacin Chula Vista jirgi ɗaya zaka hau ba canji har makaranta, sai dai ka ware kusan awa guda, ana iya karatu a ciki in ka samu kujera. Musulmi ba su kai na Clairemont da City Heights yawa ba. Imperial Beach kuma kar hoton teku ya ruɗe ka, ƙazantar da kogin Tijuana ke kwasowa daga ƙetare tana sa a rufe bakin ruwan watanni, wani lokacin har wari.

Maganar kwana a Meziko gaskiya ne ana yi, mashigar San Ysidro tana cikin mafi cunkoso a duniya, dubban motoci ke layi tun kafin asuba, amma masu yin haka 'yan ƙasa ne ko masu katin zama na dindindin. Kai da koren fasfo da bizar ɗalibi ko da wasa kar ka fara, ko leƙawa zaka yi sai ka je ofishin ɗalibai baƙi sun duba takardunka sun ce eh. Kuma in kana cikin motar wani a titi mai lamba 5 ko 805 kuka nufi kudu, ku buɗe ido da allon da ke cewa mafita ta ƙarshe a Amurka, in kuka wuce ta kuna iya tsintar kanku a Tijuana ta Meziko.

Har a cikin kawuntin ma akwai shingen jami'an iyaka, ɗaya a titi 5 in ka nufi Los Anjalis wajen Camp Pendleton, ɗaya a titi 8 ta wajen Pine Valley. Mu an taɓa tsayar da mu muna dawowa daga kallon ƙanƙara a dutsen Laguna, mu huɗu a mota da robar ƙanƙara a but wai zamu kai ma yara su gani, jami'in ya leƙo ya tambayi kowa ƙasarsa, ni na bar fasfo a gida sai katin makaranta, minti arba'in muna gefen titi suna bincike a kwamfuta, kafin a sake mu ƙanƙarar ta zama ruwa. Tun daga ranar in zan bar cikin gari fasfo da takardar makaranta na aljihu.

In kana da lokaci ranar Juma'a bayan an sauko ka same ni a Hanwa, ina da tsohuwar taswirar layukan jirgi da na taho da ita da rigunan sanyi biyu da ba abin da nake yi da su a nan, ka turo min saƙo ta ciki in kwatanta maka gidan.